Yadda na sauke bamba na share lagireton gaban motata, na kuma sa masa raga

Na'urar sanyaya cikin mota ce ta fara tona asirin. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da na sayi motar, ta hannu, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa durƙusawa na leƙa ramukan iskar da ke ƙasan bambarta ba, iyakata in watsa musu ruwa ranar wanki in wuce. Sai na lura cewa idan ina tafe a buɗaɗɗen titi sanyin yana zuwa yadda ya kamata, amma da zarar na faɗa cunkoso sai ya ja baya, fankokin gaba kuma su tashi da ƙugi, su daɗe ba su lafa ba. Allurar zafin inji ba ta gusa daga inda ta saba tsayawa ba, wannan ya sa na yi ta ɗage binciken, yau da gobe, har makonni suka shuɗe.

Motar tawa irin motocin tseren nan ce da aka ƙera don hawa titi, mai kujera biyu, wadda injinta yake bayan direba, a tsakiyar jiki. A motar da aka saba gani, inji yana gaba, lagireto ɗaya babba yana tsaye a gabansa, kana ɗaga bonet ka gan shi. A irin wannan kuwa inji yana baya, alhali iskar da ta fi ƙarfi hancin mota take buga, don haka maƙera da dama suka kai lagireto gaba, suka haɗa shi da inji ta dogayen bututu da ke bi ta ƙarƙashin jiki. Haka aka yi wa Toyota MR2 da ta fito a 1984 da Honda NSX ta 1990. Wasu kuma suka raba shi gida biyu, ɗaya a kusurwar dama ɗaya a ta hagu, daidai gaban tayoyin gaba, domin tsakiyar hancin ta zama wurin ajiye kaya. Porsche Boxster ta 1996, da 911 da ta koma sanyaya inji da ruwa a 1997, da Ferrari 360 Modena ta 1999, da Chevrolet Corvette mai inji a tsakiya ta 2020, duk suna da lagireto a kusurwoyin gaba. Tawa ma wannan tsarin take bi.

A kowace kusurwa abubuwa uku ne a jere. Kwandensar na'urar sanyi, wato abin da ke fitar da zafin gas ɗinta, ce a gaba, lagireto yana manne a bayanta da ɗan siririn fili a tsakani, fanka kuma tana can baya tana zuƙo iska ta cikinsu su biyun. Wani mazurari na roba ne yake ɗauko iska daga ramin bamba ya kai musu. Ramin nan bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, bakinsa a hangame yake, saboda haka duk abin da tayar motar gaba ta tayar, ko iska ta share a gefen titi, shi yake haɗiyewa, kuma abin da ya shiga ba shi da hanyar fita.

Ranar da na ɗauki tocila na haska ciki, na ga busassun ganyaye a cushe a lungun waje, da guntayen taba, da gashin tsuntsu, da tsakuwa, da wani yanki na leda da ya manne a jikin kwandensa. Na ɗaura siririn tiyo a bakin injin zuƙe ƙura, na zura ta tsakanin sandunan bamba, na yi ta lalube har na fitar da abin da ya kai cikin tafin hannu biyu a kowane gefe. Na miƙe ina jin na yi aiki. Kashegari na shiga cunkoso, sanyi ya sake gudu, fankoki suka ci gaba da ƙuginsu kamar ban taɓa komai ba.

A nan ne na daina yarda da allurar da ke gabana. A motoci da yawa an tsara ta ne ta tsaya a tsakiya muddin zafin yana cikin iyakar da maƙera suka ɗauka ba matsala, don kada hankalin direba ya riƙa tashi a banza, ba ta hawa sai abu ya yi nisa. Na samo ƙaramar na'urar nan da ake soka wa mota a kafar OBD, wato kafar karanta bayanan kwamfutar mota, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001, na haɗa ta da wayata. A buɗaɗɗen titi ruwan injin yana tsayawa wajen digiri 90 a ma'aunin salshiyas, amma a cunkoso sai na ga yana haurawa har 105 yana zama a can. Wannan bai kai ga tafasa ba, domin ruwan da aka gauraya rabi da rabi da sinadarin gilaikol, aka kuma matse shi ƙarƙashin murfi, yana wuce digiri 120 bai tafasa ba. Duk da haka tazarar da ta rage ba ta kwantar mini da hankali ba, ganin cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da fetur ke bayarwa ta waɗannan lagireto biyu yake fita.

Na kai maganar wurin wani dattijon makanike da ya daɗe yana taɓa irin waɗannan motoci. Ko tocilar da na miƙa masa bai karɓa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da kake hangowa ta rami ai somin-taɓi ne. Dattin da ke kashe su yana tsakanin kwandensa da lagireto, kuma ba ka isa wurin sai ka sauke bamba." Ya ce aikin bai fi ƙarfina ba in dai ina da haƙuri da wurin ajiye sukurori.

Na bar motar ta kwana ba a tayar da ita ba, domin inji ya huce sarai. Na cire wayar batir ta gefen da ba wuta, saboda fankokin nan suna iya tashi da kansu ko da makulli yana aljihunka, kuma yatsu na kusa da su za su yi aiki. Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani. A wasu motocin batir yana cikin akwatin gaba, murfin akwatin kuma da lantarki yake buɗewa, don haka wanda ya cire batir ya bar murfin ya rufe ya jawo wa kansa wahala. Na cusa tsumma a bakin makullin don kada ya kama. Na ɗaga gaban motar da jak, na ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, na cire tayoyin gaba. Ana iya yin aikin ba a cire su ba, a karya sitiyari kawai, amma fili ya fi. Na zana siffar bamba a jikin kwali, duk sukurun da na kwance sai in soke shi a kwalin daidai inda ya fito, domin tsayinsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo idan ya shiga ramin gajere yana iya huda abin da ke bayansa.

Sukurorin sama suna ƙarƙashin murfin akwati, na ƙasa suna haɗe bamba da faifan robar da ke rufe ƙarƙashin mota, sauran kuma suna cikin rufin robar da ke saman taya. Yawancinsu masu kan tauraro ne, waɗanda ake kira Torx, sai kuma ƙusoshin roba da ake ɗaga tsakiyarsu kafin a zare. Tsufa ya sa waɗannan sun bushe, uku suka karye a hannuna, abin da ya koya mini cewa gara a sayi sababbi a ajiye kafin a fara. Na manna tef na takarda a gefen madigadi da ƙasan fitilu don kare fenti, na shimfiɗa bargo a ƙasa, na kira ƙanena ya riƙe gefe ɗaya. Mun fara ja ke nan ya ce, "Yaya, dakata, akwai abin da ya riƙe ta nan." Ashe wani sukuru ne ɓoye a bayan fitilar sigina ta gefe, yana kallon sama, kuma da na ƙara ƙarfi da kunnen bambar ya tafi. Bayan mun kwance shi da ɗan'uwansa na ɗaya gefen, bamba ta zamo gaba cikin sauƙi. Muka tsaya da ita a hannu, na zura hannu na cire wayoyin fitilun ƙasa, da ta ma'aunin zafin waje, na matse tiyon ruwan wanke fitila kafin in zare shi. Wayoyi masu kan rawaya, na jakar iskar kariya, ko kusa da su ban je ba.

Da na cire mazurarin roba na dama, sai na ga fuskar kwandensa gaba ɗaya a karo na farko. Ƙwari sun yi mata fenti, tsakuwa ta lotsa ta a wurare da dama, lungun ƙasa kuma cike yake da ganyen da tiyona bai kai gare shi ba. Kwandensar tana riƙe ne da sukurori biyu da wani tsagi da take zama a ciki. Na kwance su, na ɗaga ta a hankali, na karkato ta gaba kamar faɗin yatsu huɗu, ba tare da na taɓa mahaɗar bututunta ba. Wannan wuri yana buƙatar natsuwa ƙwarai, domin bututun na alminiyam ne, akwai iskar gas a matse a cikinsu, idan aka tanƙwara su fiye da kima sai su tsage. Na ɗaure ta da igiya a jikin mota don nauyinta kada ya rataya a kansu.

Abin da na tarar a bayanta ya fi kama da tsohon bargo da ya jiƙe aka manna a bango. Gashi da auduga da fikafikan ƙwari da ƙura sun saƙu sun zama shimfiɗa guda, ta rufe fiye da rabin fuskar lagireto, har ana iya kama gefenta a ɓare ta kamar fata. A ƙasa kuwa ganyen ya riga ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa mai kaurin yatsu uku, da tsakuwa a ciki, da wasu fararen saiwoyi na irin da ya yi yunƙurin tsirowa a cikin duhu. Na danna ta da yatsa, ruwa ya fito, alhali an kwana biyar ba a yi ruwan sama ba, ban kuma wanke motar ba. Warin da ya taso irin na bakin kwata ne. Gefen hagu ya ma fi muni.

Danshin nan shi ne babbar illar, fiye da toshewar iska. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, yana kare kansa ne da wata siririyar fata da yake yi idan ya haɗu da iska. Amma idan aka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen datti wata da watanni, ga tsamin ruɓaɓɓen ganye, ga gishiri a ƙasashen da ake barbaɗa shi a titi lokacin ƙanƙara ko a garuruwan bakin teku, sai fatar ta gaza, ƙarfen ya fara yin ƙananan ramuka da farin gari. Fallayen ƙarfen da ke tsakanin bututun lagireto ba su fi takarda kauri ba, bangon bututun kansa bai kai rabin milimita ba, don haka ramin ba ya da wata doguwar tafiya kafin ya ɓulla ciki. Shi ya sa irin waɗannan lagireto suka fi yoyo daga kusurwar ƙasa ta waje, daidai inda datti ke kwanciya.

Na fara shara a bushe, domin ruwa yana mayar da ƙura taɓo ya ƙara tura ta ciki. Na kwashe baƙar ƙasar da hannu da cokalin roba, na bi fuskar da buroshin fenti mai laushi, injin zuƙa yana biye da shi. Daga nan na kwance fankar da ke baya, na hura iskar kwamfireso daga baya zuwa gaba, wato ta hanyar da dattin ya shigo nake mayar da shi. Wanda ya hura daga gaba, ƙara cusa shi yake yi. Wanda kuma bai cire fanka ba, to ya riƙe fikafikanta, kada iskar ta riƙa juya ta fiye da gudun da aka ƙera ta da shi. A nan na yi kuskuren da ya ci mini sa'a guda. Na matso da bakin tiyon kusa, na kuma karkata shi, kafin in ankara fallaye sun kwanta a wuri mai faɗin tafin hannu, kamar ciyawar da iska ta bi ta kai. Sai da na zauna da ɗan matajin roba na musamman da siririyar wuƙa marar kaifi, ina tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka na rage ƙarfin iskar, na ja baya da taƙi guda, na riƙa hurawa a miƙe.

Wanka ya zo a ƙarshe. Na fesa ruwan sabulu mai sauƙi a kan ƙwarin da suka bushe, na bar shi ya jiƙa su minti goma, sannan na bi da tiyon ruwa ba tare da matse bakinsa ba, shi ma daga baya, har ruwan da ke fita ya daina zuwa baƙi. Injin wanki mai feshi da ƙarfi, wanda matsinsa kan wuce 100 a ma'aunin matsi na "bar", ba shi da wurin zama a wannan aiki, haka ma duk wani sinadarin wanki mai soda, domin soda cin alminiyam take yi. Alamar da na dogara da ita ita ce tocila. Ƙanena ya haska daga baya, ni kuma ina duba daga gaba, duk inda haske bai ratso ba mu koma masa.

Sai da komai ya bushe sannan ɓarnar ta bayyana. A ƙasan kwandensar dama akwai wani baƙin tabo mai maiƙo da ruwa bai wanke ba, a tsakiyarsa kuma ga lotsawar tsakuwa a jikin bututu. Gas ɗin na'urar sanyi tare yake yawo da man kwamfiresonta, saboda haka duk inda yake tsiyaya sai mai ya biyo shi ƙura ta manne. Ga dalilin guduwar sanyi ya fito, rabi toshewa rabi yoyo. Wannan ɓangare ban yi shi da kaina ba. Gas ɗin R134a da ke cikin motata ba a sakinsa a iska, domin ƙarfinsa wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon fiye da sau dubu, R1234yf da ke cikin sababbin motoci kuma yana iya kama wuta. Na kira mai gyaran na'urar sanyi ya zo da injinsa ya zuƙe abin da ya rage, muka yi odar sabuwar kwandensa da matatar danshi da zobban roba na mahaɗa.

Lagireton kuwa na gwada su da famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin tankin ruwa. Na hura har matsin da aka rubuta a murfi, na jira minti goma sha biyar, allurar famfon ba ta sauka ba. Na dama lafiya lau yake. Na hagu kuwa kusurwarsa ta ƙasa ta yi fari, fallayen wurin suna marmashewa idan na taɓa. Dattijon makaniken da na aika wa hoto ya ce in canza shi tunda bamba tana ƙasa. Na duba allurar da ba ta motsa ba, na ce zai ƙara kai ni wani lokaci, na bar shi.

Kwana ukun da na yi ina jiran kwandensa su na yi amfani da su wajen raga. Masu irin waɗannan motoci sun rabu biyu a kan wannan batu. Wasu suna cewa maƙera sun san abin da suke yi da suka bar ramin a buɗe, duk abin da ka sa a gabansa iska yake ragewa. Maganarsu tana da tushe, musamman ga mai shiga filin tsere yana matsa inji na tsawon lokaci. Amma ni da na ga lotsawar tsakuwa da idona, tambayar da ta rage mini ita ce wace irin raga, kuma amsar tana cikin lissafi mai sauƙi. A ragar da aka saƙa da ido murabba'i, ka raba faɗin ido da jimlar faɗin ido da kaurin waya, ka ninka sakamakon da kansa, ka sami kason da yake buɗe. Ido mai milimita 2 da waya mai milimita 1 yana barin kashi 44 cikin ɗari kacal, wato ka toshe fiye da rabin ramin da hannunka. Ido mai milimita 5 da wannan wayar yana ba da kashi 69. Ido mai milimita 6 da waya mai 0.8 yana kaiwa kusan kashi 78. Ragar taga ta hana sauro da wasu ke sawa, tun kafin a je ga lissafi, ƙwari da ƙura suna like ta cikin 'yan kwanaki.

Na zaɓi ragar alminiyam mai ido irin na saƙar zuma, faɗin ido wajen milimita 6, wadda ganye da tsakuwar da ke iya huda bututu ba sa ratsa ta, iska kuma ba ta rasa hanya. Ragar ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi ƙarfi, sai dai ta fi wuyar yanka da lanƙwasawa, kuma idan ta jingina da alminiyam a cikin danshi mai gishiri, alminiyam ɗin ne yake ciwuwa. Ko wace iri ce, ra'ayina shi ne a ɗaura ta a bayan bamba, nesa da kwandensa. Ragar da aka manna a fuskar kwandensa, girgiza tana sa ta goge fallaye, dutse kuma idan ya buge ta sai ya tura ta cikin abin da aka sa ta karewa.

Na kifa bamba a kan bargo, na yanka kwali daidai siffar kowane rami daga ciki, ina gwadawa ina ragewa har ya zauna. Na ɗora kwalin a kan raga, na ƙara santimita biyu a kowane gefe, na yanka da almakashin ƙarfe. Bakin yankan kaifi gare shi kamar reza, na kuwa gane haka da babban yatsana kafin in nemo safar hannu. Na naɗe gefunan ciki, na lanƙwasa ragar a kan gwiwata ta bi siffar bamba, na fesa mata baƙin fenti marar ƙyalli, wanda ya sa daga ɗan nesa ba a ma ganinta. Wajen ɗaurawa ban dogara da gam ba, domin robar da ake yin bamba da ita gam ba ya kama ta da kyau, zafi da girgiza kuma suna ƙarasa abin da ya rage. Na yi amfani da baƙaƙen maɗauran roba masu haƙora, irin waɗanda rana ba ta busar da su da wuri, na zagaya su a sandunan ramin, inda babu sanda kuma na huda ƙananan ramuka a leɓen ciki da ba a gani. Na bar wa ma'aunin zafin waje wurinsa, ban rufe ramin ƙugiyar jan mota ba, na kuma tabbatar ragar ba ta hana mazurari zama a bakinsa.

Kafin in mayar da komai, na duba sosan da ke zagaye da lagireto, wanda ke like tsakaninsa da mazurari. Ya ruɓe a wurare da dama. Iska kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take bi, idan ta sami tsaga a gefe ba za ta wahalar da kanta ratsa fallaye ba. Na ɓare tsohon na manna sabo mai jure zafi. A ƙasan kowane mazurari kuma akwai 'yar kafar tsiyayar ruwa da datti ya toshe tun ban san motar ba, na buɗe ta da waya.

Mai gyaran sanyi ya dawo ya ɗaura kwandensa, ya zuƙe iska da danshi daga bututu, ya cika gas daidai nauyin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin mota. Muka ɗaga bamba ni da ƙanena, na haɗa wayoyi, na mayar da batir na gwada fitilu tun kafin in ɗaure sukuru ko ɗaya, sannan na bi kwalina daga ƙarshe zuwa farko. Na bi titin da na saba da na'urar OBD a haɗe. A buɗaɗɗen titi zafin ya tsaya inda yake a da, wajen 90, wato ragar ba ta rage iskar da har za a ji ba. A cunkoso ya hau zuwa 97, fankoki suka tashi a hankali, ba da ƙugin nan ba, ya sauko cikin ɗan lokaci. Sanyi kuma ya zauna.

Raga ta kawo nata sabon aiki. Abin da da yake shigewa ciki ya ɓuya, yanzu a fuskarta yake tsayawa. Wata rana a kan hanya na ga zafi yana hawa ba dalili, na tsaya na duba, ashe leda ce ta shimfiɗu ta rufe ramin hagu ruf. Na ɓare ta da yatsu biyu na ci gaba da tafiya, tun daga ranar kuma nake leƙa ramukan duk lokacin da na tsaya shan mai. Yashi da ƙananan ƙwari da siraran tsinkayen ciyawa kuwa har yanzu suna ratsawa, don haka da shekara ta zagayo na sake sauke bamba, wannan karon cikin minti arba'in, ba ƙusa ko ɗaya da ta karye. Tsakanin kwandensa da lagireto na sami ƙura busasshiya da ba ta cika tafin hannu ɗaya ba, sabuwar kwandensar kuma babu lotsawa a jikinta.

A kusurwar ƙasa ta lagireton hagu, inda fallaye suke marmashewa bara, na tarar da wani ɓawon gishiri mai launin ruwan injin, da ɗigo ɗaya yana rataye a ƙarƙashinsa. Na ɗaura famfon gwaji, allura ta fara sauka tun ban cika minti biyar ba. Na ɗauki hoto na aika wa dattijon makaniken, ya amsa da cewa in kawo motar ranar da sabon ya iso, domin fitar da iska daga dogayen bututun nan bayan an zuba ruwa sai da injin zuƙa, kuma yana da shi. Bambar tana nan a kife kan bargo, kwalin sukurori yana jingine a gefenta.